Manzannin Ɓoye a Jikin Tsirrai: Yadda Sinadaran Homon Suke Tafiyar da Girman Shuka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar dawa bayan hadarin damina mai iska ya san yadda karare suke kwanciya har ƙasa. Idan ya koma gonar bayan kwana biyu ko uku, sai ya tarar da yawancinsu sun tanƙware daga gaba sun ɗago kai sama, alhali babu wanda ya taɓa su. Haka kuma ƙwayar masara, ko a kife ta faɗa rami ko a kwance, saiwarta ƙasa za ta nufa, tsironta kuma sama. Mai sayar da ayaba ya san cewa ɗanya takan yi saurin nuna idan aka rufe ta tare da nunanniya. Mai lambu ya san idan ya tsinke kan zogale, rassa za su fito masa ta gefe.

Waɗannan abubuwa an saba ganinsu har sun daina ba da mamaki, amma akwai tambaya a ƙarƙashinsu. Tsiro ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jijiyoyin kai saƙo irin na dabba, ba shi kuma da zuciya mai harba jini. To ta yaya saiwa take sanar da ganye cewa ƙasa ta bushe? Wa yake gaya wa iri lokacin tsira, ko ya gaya wa mangwaro lokacin nuna? Masana ilmin tsirrai sun shafe sama da shekara ɗari suna bin diddigin amsar, kuma sun same ta a cikin wasu sinadarai da ake kira homon. Wannan maƙala za ta yi bayanin manya daga cikinsu, da yadda aka gano su, da kuma abin da saninsu yake amfana wa manomi.

Mene ne Homon?

Kalmar homon daga harshen Girkanci aka samo ta, kuma ma'anarta zaburarwa. Wani masanin Ingila mai suna Ernest Starling ne ya fara amfani da ita a shekarar 1905 game da jikin dabbobi, daga baya masana tsirrai suka are ta. Homon sinadari ne da tsiro yake haɗawa a cikin jikinsa, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake isa ya sauya yadda ƙwayoyin halitta suke girma. Su kuwa ƙwayoyin halitta su ne ƙananan ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Sau da yawa akan haɗa homon a wani sashe na tsiro, ya yi tafiya ya je ya yi aiki a wani sashe dabam.

Ya kamata a bambance homon da taki. Taki da ruwa da sukarin da ganye yake haɗawa kamar tubali da laka ne a wurin gini. Homon kuwa kamar maganar sarkin magina ce, wadda take cewa a ɗaga katanga a nan, a bar ƙofa a can. Don haka ba a bukatarsa da yawa. Adadinsa a jikin tsiro yakan gaza kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin jikin. Wani abin lura shi ne homon guda yana iya yin ayyuka masu saɓani, gwargwadon yawansa da sashen da ya sauka da kuma shekarun wannan sashe.

Oksin: Saƙo Daga Ƙololuwa

Labarin ya faro ne da Charles Darwin da ɗansa Francis, waɗanda suka wallafa sakamakon bincikensu kan motsin tsirrai a 1880. Sun yi aiki da jariran tsirran ciyawa, waɗanda suke fitowa daga ƙasa cikin wani siririn kube kamar yadda gero da masara suke yi. Idan haske ya zo ta gefe ɗaya, kuben yakan karkata ya nufi hasken. Da suka yanke kan kuben, sai ya daina karkata. Da suka sa masa 'yar hular da haske ba ya ratsawa, nan ma ya daina. Amma da suka rufe ƙasan kuben suka bar kan a buɗe, sai ya karkata kamar kullum. Ke nan kai ne yake jin haske, amma can ƙasa da shi ake tanƙwarewa. Lalle akwai wani saƙo da yake saukowa daga sama.

Wane irin saƙo ne? A tsakanin 1910 da 1913, Peter Boysen-Jensen na ƙasar Denmak ya nuna cewa saƙon yana ratsa abu mai danshi da aka sa tsakanin kai da gangar kube, amma ba ya ratsa ɓallin dutse. A 1926, wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan mai suna Frits Went ya yanke kawunan kube ya jera su a kan aga, wani abu mai daskarewa kamar kunun da ya kwana. Bayan ɗan lokaci ya cire kawunan, ya ɗauki guntun aga ya ɗora shi a gefe ɗaya na kuben da aka yanke wa kai, a cikin duhu. Sai kuben ya tanƙware, gefen da aka ɗora wa aga ya fi ɗaya gefen tsawo. Wannan ya tabbatar da cewa saƙon sinadari ne. An ba shi suna oksin, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaruwa, kuma a 1934 aka gane ainihin ƙirarsa.

Ga yadda yake aiki. Ana haɗa oksin mafi yawa a ƙololuwar tsiro da ƙananan ganyaye, daga nan ya riƙa sauka daga wannan ƙwayar halitta zuwa waccan, yana cin kimanin santimita ɗaya a awa. Inda ya taru a jikin kara, yakan sassauta bangon ƙwayoyin halitta, ruwa ya shige su, su miƙe su ƙara tsawo. Idan haske ya zo ta gefe guda, oksin yakan koma gefen inuwa. Gefen inuwa sai ya fi gefen haske miƙewa, dole kara ya karkata wajen haske. Dawar da iska ta kwantar ita ma haka take: oksin yakan taru a gefen gaba da yake kallon ƙasa, wannan gefe ya ƙara tsawo, sai karan ya ɗago.

A saiwa kuwa abin ya juya. Akwai wasu ƙwayoyin sitaci masu nauyi a ƙarshen saiwa da suke nutsewa wajen ƙasa kamar tsakuwa a cikin ƙwaryar ruwa, su ne suke nuna mata inda ƙasa take. Oksin yakan taru a gefen ƙasa kamar yadda yake yi a kara, amma saiwa ba ta jure yawansa. Adadin da yake miƙar da kara, hana saiwa miƙewa yake yi. Saboda haka gefen sama yake fin na ƙasa tsawo, saiwa ta lanƙwasa ta nutse.

Oksin ne kuma yake ba ƙololuwa iko a kan idanun toho da suke hammatar ganyaye. A 1933 Kenneth Thimann da Folke Skoog sun nuna cewa idan aka yanke kan tsiro, idanun gefe sukan farka su zama rassa, amma idan aka shafa oksin a wurin yankan, sai su ci gaba da barci. Wannan shi ne sirrin tsinke kan zogale. Shi ne kuma dalilin da kututturen da aka sare yake fitar da toho barkatai. Manoman jihar Maraɗi a Nijar, tun daga shekarun 1980, sun mayar da wannan hali hanyar farfaɗo da itatuwa a gonaki: sukan zaɓi toho mafi ƙarfi a kututture su rage sauran, har ya zama itace.

Da aka iya haɗa makamantan oksin a masana'anta, sai aka same su da amfani iri biyu. Ɗan kaɗan daga cikinsu yana sa reshen da aka yanka ya fitar da saiwa da wuri idan aka dasa shi. Da yawa kuwa kisa yake yi. Maganin ciyawar nan 2,4-D, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1940, oksin ne na masana'anta. Yana sa tsirrai masu faɗin ganye su yi girman hauka har su mutu, ya bar dangin hatsi. Don haka mai feshinsa a gonar shinkafa ko masara ya kula da iska, domin idan ta kai shi gonar wake ko auduga ko tumatir, ɓarna za ta auku.

Jibarelin: Daga Cutar Shinkafa Zuwa Yalwar Abinci

Manoman Jafan sun daɗe da sanin wata cuta da take sa shinkafa ta yi tsawo fiye da kima, ta yi siriri, ta ɗashe, ta faɗi ba tare da ta yi tsaba ba. Suna kiranta da sunan da yake nufin wawan tsiro. A 1926, shekarar da Went ya yi gwajinsa, wani masanin Jafan mai suna Eiichi Kurosawa da yake aiki a tsibirin Taiwan ya nuna cewa wata fumfuna ce take haddasa cutar, kuma ruwan da aka raini fumfunar a ciki, ko an tace ta daga cikinsa, yana sa lafiyayyiyar shinkafa ta miƙe. A 1935 Teijiro Yabuta ya ba sinadarin suna jibarelin, daga sunan fumfunar. Da yake da harshen Jafananci aka wallafa binciken, ga kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga tsakani, sai a shekarun 1950 masanan Turai da Amurka suka mayar da hankali a kansa. A 1958 aka tace jibarelin daga ɗanyen irin wake, aka tabbatar cewa tsirrai ma da kansu suna haɗa shi. A yau an san ire-irensa sama da 130, ko da yake kaɗan ne daga ciki suke aikin homon.

Babban aikin jibarelin shi ne tsawaita tazarar da take tsakanin gaba da gaba. Wannan ya shafi cikin miliyoyin mutane. Alkama da shinkafa na gargajiya dogaye ne. Idan aka ba su taki sosai sukan ƙara tsawo, zangarniya ta yi nauyi, iska ta kwantar da su. Gajerar alkamar da Norman Borlaug da abokan aikinsa suka samar a Meksiko, da gajerar shinkafa IR8 da aka fitar a Filifin a 1966, suna ɗaukar taki ba tare da kwanciya ba, kuma abincin da zai tafi ga kara yakan koma tsaba. Borlaug ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Sai daga baya aka gano asirin gajartar: a 1999 aka nuna cewa alkamar ba ta jin umarnin jibarelin sosai, a 2002 kuma aka nuna cewa shinkafar ba ta haɗa shi da yawa. Sai dai gajarta tana da nata farashi a inda kara yake da daraja. A ƙasar Hausa karan dawa darni ne, makamashi ne, abincin dabbobi ne, saboda haka manomi yakan auna tsaba da kara tare kafin ya karɓi sabon iri.

Aiki na biyu shi ne tayar da iri. An fi nazarin wannan a ƙwayar sha'ir. Idan ta sha ruwa, ɗan tayin da yake cikinta yakan saki jibarelin, shi kuma ya umarci wani siririn shimfiɗi da yake ƙarƙashin ɓawo ya fitar da enzayim, wato sinadarin da yake narkar da sitaci ya mayar da shi sukari don ciyar da jaririn tsiro. Masu kunun zaƙi da suke jiƙa hatsi su bar shi ya yi tsiro, su shanya su niƙa su zuba a kunu, irin wannan enzayim suke amfani da shi. Shi ne yake tsinka kunun ya sa masa zaƙi.

Saitokinin: Mai Raba Ƙwayoyin Halitta

Girma ba ya tsayawa ga miƙewar ƙwayoyin halitta, sai sun rabu sun yawaita. Masu ƙoƙarin rainon guntun tsiro a cikin kwalba sun lura tun 1941 cewa ruwan kwakwa yana ɗauke da wani abu mai taimaka wa wannan rabuwa. A 1955 Carlos Miller da Folke Skoog, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka tace sinadari na farko mai wannan aiki, a 1963 kuma David Letham ya samo na asali daga ɗanyar masara a ƙasar Niyu Zilan. Saiwa tana cikin manyan wuraren da ake haɗa saitokinin, daga nan ya bi ruwa ya hau sama. Yana ƙarfafa idanun toho su farka, yana kuma jinkirta tsufan ganye.

A 1957 Skoog da Miller suka yi wani gwaji da ɓargon karan taba wanda ya zama ginshiƙi. Idan oksin ya rinjayi saitokinin a abincin da ake rainon ɓargon, saiwa take fitowa. Idan saitokinin ya rinjaya, toho yake fitowa. Idan suka yi kusan daidai, sai a sami dunƙulen tsoka marar siffa. Da wannan ilmi ne ake iya ɗaukar ɗan guntun toho a samar da dubban tsirrai masu kama ɗaya, waɗanda aka tsarkake daga cututtuka. Cibiyar nazarin noman ƙasashe masu zafi ta IITA da take Ibadan tana amfani da wannan hanya wajen adanawa da yawaita irin rogo da doya da ayaba.

Etilin: Homon da Yake Tafiya a Iska

A ƙarni na 19, lokacin da ake haskaka titunan Turai da fitilun gas, an lura cewa itatuwan da suke kusa da bututun da yake yoyo sukan zubar da ganye. A 1901 wani ɗalibi ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano cewa etilin da yake cikin gas ɗin ne yake sa tsirran ɗakin gwajinsa su gajarce, su yi kauri, su riƙa girma a kwance. A 1934 Richard Gane na Ingila ya tabbatar cewa 'ya'yan tuffa da kansu suna fitar da wannan iska.

A wasu 'ya'yan itatuwa, kamar ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir, etilin ne yake buga gangar nuna. Sitaci ya koma sukari, tsami ya ragu, jiki ya yi laushi, kore ya gushe, ƙamshi ya tashi. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne etilin yana sa a ƙara haɗa etilin, kuma da yake iska ne, yakan fita daga wannan ɗa ya shiga wancan. Rauni da zafi suna ƙara yawansa. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma kwandon tumatir da aka ɗauko daga Kano zuwa Legas shaida ne: waɗanda suka fashe a ƙasan kwando sukan gaggauta nunar maƙwabtansu, ƙwayoyin cuta kuma su sami ƙofar shiga. Ware masu rauni tun daga gona, da ajiya a inuwa inda iska take ratsawa, suna rage asara ƙwarai. Manyan masu fataucin ayaba a duniya kuwa ɗanya suke ɗaukarta a jirgin ruwa cikin sanyin digiri 13 zuwa 14, sai an isa a sa ta a ɗaki a sakar mata etilin daidai awo. Lemo da inabi da abarba ba sa cikin wannan rukuni. Ba sa ƙara zaƙi bayan an tsinke su.

A nan akwai gargaɗi. Wasu 'yan kasuwa suna nunar da ayaba da mangwaro da kalsiyam kabayid, sinadarin nan na masu walda. Idan ya sha danshi yakan fitar da wata iska mai kwaikwayon etilin, amma wanda ake sayarwa don walda yakan zo gauraye da guba irin ta asanik da fosforas. Ɓawo yakan yi rawaya alhali ciki bai nuna ba. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta sha gargaɗi a kan wannan ɗabi'a saboda haɗarinta ga lafiya.

Etilin ne kuma yake kammala zubar ganye. Muddin ganye yana aika oksin ta mariƙinsa, yana nan daram. Idan ya tsufa ko rani ya shigo, oksin ya ragu, sai etilin ya sa wani siririn layi a gindin mariƙin ya narke, ganyen ya faɗi, kamar yadda kuka take tuɓe ganyenta da rani.

Asid na Absisik: Homon na Lokacin Tsanani

A 1963 ƙungiyoyin masana biyu suka ci karo da sinadari guda ta hanyoyi dabam-dabam. Frederick Addicott a Kalifoniya yana binciken zubar 'ya'yan auduga, Philip Wareing kuma a Birtaniya yana binciken barcin toho. Sunan absisik yana nufin yankewa, amma daga baya aka gane cewa babban aikinsa na wani wuri ne dabam.

Jikin ganye cike yake da ƙananan ƙofofi, kowace tana tsakanin ƙwayoyin halitta biyu masu siffar wake. Ta nan iskar kabon take shiga don haɗa abinci, ta nan kuma ruwa yake fita. A 1969 aka nuna cewa ganyen alkama da ya fara yaushi yana tara absisik ninki da yawa cikin 'yan awoyi. Shi ne yake sa ƙwayoyin nan biyu su saki ruwansu su saɓe, ƙofa ta rufe. Tsiro ya tsira daga bushewa, amma da sharaɗi: ƙofar da ta hana ruwa fita ta hana iskar kabon shiga. Wannan yana daga cikin dalilan da suke sa fari na tsakiyar damina ya rage amfanin gona ko da shuka ba ta mutu ba.

Absisik ne kuma yake sa iri barci. Tsakaninsa da jibarelin kamar ma'auni ne mai kwano biyu: idan absisik ya rinjaya iri ya yi barci, idan jibarelin ya rinjaya ya tsira. Wasu ire-iren gyaɗa masu saurin nuna ba su da nauyin barci, shi ya sa idan ruwan ƙarshen damina ya same su a ƙasa kafin a cire, sukan tsira a cikin kwanso, manomi ya yi asara.

Ƙuduji da Saƙon da Aka Sata

Bayan waɗannan biyar an gano wasu homon ɗin, waɗansu na girma, waɗansu na kare kai daga ƙwari da cututtuka. Ɗaya daga cikinsu ya shafi babban abokin gaban manomin dawa da gero da masara, wato ƙuduji ko wuta-wuta.

Irin ƙuduji kamar ƙura yake don ƙanƙanta. Tushe ɗaya yana zubar da dubban dubata, kuma suna iya zama a ƙasa sama da shekara goma. Guzurin da yake cikin kowace ƙwaya kaɗan ne ƙwarai. Idan ta tsira ba ta kama saiwar wani tsiro cikin 'yan kwanaki ba, mutuwa za ta yi. Saboda haka ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi take fitarwa. A 1966 aka tace irinsa na farko daga saiwar auduga a Amurka. Amma me zai sa dawa ta kira mai kashe ta? An daɗe ba a sami amsa ba. A 2005 masanan Jafan suka nuna cewa da wannan sinadari saiwa take gayyatar wata fumfuna mai amfani, wadda take jawo mata fosforas daga ƙasa ita kuma ta ba ta sukari. A 2008 aka tabbatar cewa homon ne mai suna sitirigolakton, wanda yake taya oksin hana yawan rassa. Ƙuduji dai ɓarawon saƙo ne, ya saurari kiran da ba shi aka yi wa ba.

Wannan ya fayyace abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa ƙuduji ya fi addabar gajiyayyiyar gona. Idan fosforas ya yi ƙaranci, saiwa takan ƙara fitar da sinadarin, ƙuduji kuma ya ƙara tsira. Don haka takin gida da takin zamani mai fosforas suna rage kiran. Juya shuka da auduga ko waken soya yana sa irin ƙudujin hatsi ya tsira ya rasa mai riƙe shi, ya mutu. A Amurka, inda wani nau'insa ya ɓulla a jihohin Karolina a tsakiyar shekarun 1950, har iskar etilin aka riƙa ɗurawa a ƙasa don a yaudari irin ya tsira babu shuka. Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha, ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2009 saboda samar da dawa mai jure fari da ƙuduji, kuma a 2017 shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da take sauya irin sinadarin da saiwar dawa take fitarwa, ta yadda ƙuduji ba ya amsa shi sosai. Duk da haka cire ƙuduji a ƙone shi kafin ya zubar da iri yana nan a matsayin wajibi.

Gwaje-gwaje Don Makaranta

Malami yana iya nuna wa ɗalibai yawancin wannan ba tare da kayan tsada ba.

Na farko, a shuka masara a gwangwani, a sa a cikin kwalin da aka huda ta gefe ɗaya. Da zarar kube ya fito, a sa wa wasu 'yar hular takardar alminiyam, a bar wasu haka nan. A duba bayan kwana ɗaya a ga waɗanda suka karkata.

Na biyu, a sami leda biyu, a sa ɗanyen tumatir uku masu girma ɗaya a kowace, a ƙara nunanniyar ayaba a ɗaya, a ɗaure su a ajiye wuri guda. A rubuta ranar da kowane ya fara ja.

Na uku, a shuka wake tushe goma, a tsinke kan biyar idan sun yi ganye huɗu, a ƙirga rassan kowane bayan mako biyu.

A kowane gwaji, rukunin da ba a taɓa ba shi ne ma'auni. In babu shi, ba a san abin da ya haddasa bambanci ba.

Kammalawa

Babu wani homon da yake aiki shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fitar reshe guda ya dogara ne ga oksin da yake saukowa daga sama, da saitokinin da sitirigolakton da suke hawowa daga saiwa, da kuma sukarin da ganye ya tanada. Ta wannan hanya tsiron da ba ya iya gudu daga fari ko inuwa yake daidaita jikinsa da halin da ya sami kansa. Manomi ya san da yawa daga cikin waɗannan halaye tun kafin a sa wa sinadaran suna; abin da kimiyya ta ƙara shi ne sanin dalili, kuma sanin dalili shi yake buɗe hanyar gyara. Ƙuduji yana nan a gonaki, tumatir yana ruɓewa a hanya, damina kuma ba ta da tabbas. Ɗalibin da ya fara da gwangwanin masara da kwali a yau, aiki yana jiransa a gaba.